Wutsiyar Dodo a Shafi na Sha Biyu

Labo ya ɗora ƙwayar wake a kan dodon roba ya ce, "Na sa mishi alama."

Shekara uku ke nan yana riƙe da mai garkuwa a wannan wasa, kullum bayan la'asar a ƙofar gidan Malam Sallau a Ƙonni. Wani Bajamushe mai aikin fadama ne ya bar wa Sallau, direbansa, kwalin wasan: ƴan mayaƙan roba, ƙwayar jifa irin ta lido, da littafi guda mai warin gareji. Jamusanci ne zalla, kuma Sallau kaɗai ya taɓa zama da Jamusawa, sai ya zama alƙali.

Dokar alama kowa ya haddace ta. Dodon da aka sa wa wake dole ya fuskanci mai garkuwa, garkuwa kuwa ba ta huduwa. Akwai wata dokar da su suka ƙirƙiro: wanda jaruminsa ya mutu zai sauka daga benci ya koma dafa shayi, har sai wani ya mutu. Labo fa direktan lakwal ne, shugaban makaranta guda. Chindo tela, mai fifita gawayi wata bakwai, ranar ya zo wa alƙali da goro fari ƙal.

A shekarar 1991 ce, lokacin da kowa a Nijar ya zama masanin doka. Sallau ya sa tabarau, ya buɗe littafin, ya wuce wani zanen bututai da ya ce taswirar kogon dodo ce, ya tsaya a shafi na sha biyu. Ya daɗe yana motsa leɓe.

"Alama kai ta ɗaure," in ji shi. "Ba ta ɗaure wutsiya ba."

Wutsiya ta zagayo ta baya ta kashe mai garkuwa. Chindo ya miƙa wa direkta mafici da hannu biyu, don ladabi.

Kwana tara Labo yana dafa shayi, ɗalibansa na wucewa suna gaida shi da ƙarfi. Abin ya ci masa rai ƙwarai. Ran na goma, Sallau ya shiga alwala, Labo ya cusa littafin cikin riga, ya hau mobilet sai Malbaza, inda aka ce akwai wani Bajamushe mai haƙar rijiyoyi. So yake a karanta masa maganar wutsiya baƙi-baƙi, ya koma bencinsa.

Bature ya buɗe shafi na sha biyu, ya duba bangon littafin, ya dubi Labo. Ya tambaya da Faransanci ko injin ya lalace ne.

"Wane inji, mushe?" in ji Labo, shi ma da Faransanci.

"Na ban ruwa. Littafinsa ne wannan. Shafin nan cewa ya yi a canja baƙin mai duk bayan awa hamsin."