Albasa a Madadin Turare

Da la'asar Lurwanu ya tsaya a ƙofar gidan su Furera a Karofane, hannunsa ɗaya a baya. Wata takwas ke nan da ya gama karatun aikin gona a jami'a, kuma babanta ya ce ba zai ba da ɗiyarsa ga mai zaman jiran konkur, jarrabawar ɗaukar aikin gwamnati, ba.

Furera ta fito ta gaishe shi, idonta a ƙasa. "An ce za ka bi su abokinka Tanimu ci-rani."

Ya fito da hannunsa daga baya. Ya miƙo mata albasa guda, ja, mai sheƙi.

Ta dube ta, ta dube shi. "Samari na kawo turare, kai albasa?"

"Latsa ki ji."

Ta latsa, ta ji ta da tauri kamar dutse.

"Ofis bakwai na kai dosiye, takardun neman aiki, ba wanda ya kira ni," in ji shi. "Sai na tahi Madawa wajen ƙungiyar manoman albasa, na roƙi su ba ni rumbun ajiya guda in gyara kyauta. Na ɗaga gindinshi, na buɗa mashigar iska. Wagga albasa wata biyar ta yi ciki, alhali rabin tasu ta ruɓe. Jiya sunka ce in kama aiki ran Litinin."

Ya ɗan dakata, muryarsa ta yi ƙasa. "To, ke mi kinka ce?"

Ta ƙunshe albasar a bakin mayafinta, murmushi na neman kuɓuce mata.

"Baba na zaure. Manomi ne, ya hi ni sanin albasa. Jira nan, in kai mai ya latsa da kanshi."