Man da Ke Tsiyaya a Ƙafar Baya

Rana ta uku da rasuwar Malam Falalu, ɗansa Uzairu ya tashi daga cikin masu zaman makoki, ya ɗauki sufana ya shige ƙarƙashin mota. Ba wanda ya hana shi. A unguwar Ridina an san kanikawa ba su iya zama ba.

Motar tsohuwar Fijo ce, 404, wadda ake kira kat-san-kat, ta girmi Uzairu. Malam Falalu ya saye ta a 1996, bayan ya ajiye tuƙin manyan motoci, don abu guda: ya ƙarasa tafiyar da ubansa ya faro a ƙafa daga Haɗeja, ya yada zango a bakin kogin Shari da niyyar hutawa kaɗan, aka binne shi a nan. Ta Abeshe za a bi, sai Sudan, sai jirgin ruwa, sai Makka. Duk unguwa ta san da maganar. Har addu'ar tafiya an yi, an ci shinkafa.

Abin da ya tsayar da tafiyar shi ne wata 'yar roba, juwan, mai tare man aksul, ƙarfen da ke riƙe tayoyin baya. Uzairu zai sa sabuwa, ya daidaita zoben ƙarfen da take hawa kansa, ya ɗaure. Su fita gwaji zuwa Lamaji. Kafin su juyo mai ya jiƙa birki, motar na jan gefe.

Ya zargi robar, ya sayo wata a Kusuri. Ya zargi zoben, ya sa aka feƙe masa sabo a Maiduguri, ya zo da kauri, aka rage, ya zo da sirantaka. Ya juya robar gaba, ya juya ta baya. Shekara shida ana wannan. Motocin mutane na shiga garejinsa a mace su fita da rai, ta ubansa kuwa ko bayan gari ta kasa wucewa.

Tsohon bai taɓa faɗa ba. Sai ya durƙusa, ya lakaci man, ya shinshina.

“Mafi mushkila, Uzairu, ba komai. Baɗi.”

Da zagi ne da ya fi sauƙi. Lamaji dai ya kai a ƙarshe, a motar wasu, inda maƙabarta take. Uzairu ya sa shi a rami da hannunsa, ya jira ya ji wani abu a ransa, bai ji ba. Abin da ya sani kawai, mutum ya nemi abu ɗaya a wurinsa, ya kasa.

Yanzu yana kwance rigingine, ba ya neman komai, yana goge aksul da tsumma. Hannunsa ya hau saman ƙarfen, wurin da ido ba ya kaiwa, ya taɓa ɗan hancin da aksul ke fitar da iska in ya yi zafi. A toshe yake. Ya zaro abin da filaya: guntun itace ne, an fiƙe shi, an naɗa masa zare tsaf. Iska ta rasa mafita, dole ta turo mai ta robar. Ko ta zinariya aka sa, sai ta zubar.

Ya ga ƙafafun mahaifiyarsa, Hansatu, a gefen taya. Ta kawo masa shayi, lulluɓe da mayafin takaba. Ya fito, ya miƙa mata itacen a tafin hannu. Ba ta yi mamaki ba, wannan ya ishe shi.

“Inna, ke kika hana shi tafiya? Kina kallona shekara da shekaru ina haukan banza?”

Ta ajiye kofin a kan bonet.

“Kai ma dai. Ni me na sani a cikin mota?” Ta gyara mayafi. “Ni tabarma kawai nake shimfiɗa wa babanka in zai shiga ƙarƙashinta, kada rigarsa ta ɓaci.”