Faifan Da Ba A Taɓa Buɗewa Ba

Muna dawowa daga maƙabarta, matar marigayi, abokinmu a tara faifai, ta ciro wani ƙaramin faifan garmaho daga akwatinsa na gilashi, ta sa farce ta yage ledarsa. Mu 'yan ƙungiyar tara faifai ta Detroit, da ko ɗigon hawaye ba mu yi a bakin kabari ba, sai ga idanunmu sun kawo ruwa.

Waƙar wani tsohon fim ɗin barkwanci ce, wanda suka kalla ranar da ya fara kai ta silima. A ledar kamfani ya saye shi, ya rantse allura ba za ta taɓa shi ba. Duk sanda ta roƙa sai ya ce, "Uwargida, wannan na ajiya ne, ba na ji ba."

"Madam, kin kashe darajarsa," in ji shugabanmu.

"Sha shayinka, sarkin daraja. Makoki ɗaya ya ishe mu yau."

Ta ɗora allura. Waƙa ta tashi da ƙara kamar ana soya ƙwai, irin ta faifan da ya sha aiki. Muka kalli juna. Ana gab da amshi, ko waiwayawa ba ta yi ba, ta miƙa yatsa ta tura allurar ta tsallake daidai inda za ta maƙale.

"Shekara da shekaru ina aiki a shagon nama," ta ce, tana rausaya kafaɗa. "Injin da ke naɗe kaza a leda bai taɓa ƙin faifai ba."