Jingar da Baba Bai Fasa Ba

Ina 'yar shekara tara na kai wa Baba fura gonarmu ta shinkafa a bayan Guri. Kogi ya tumbatsa, ruwa ya shanye mana shuka. Gonar maƙwabcinmu Malam Habu tana gangare, jingar ƙasa ce kawai tsakaninmu. Baffana ya miƙa wa Baba fartanya.

"Yaya, fasa jingar nan ruwan ya zurare wajen Habu. Wa zai gani?"

Baba ya ɗaga fartanyar, ya daɗe a haka, sannan ya sauke. "Yesu ya san bakunan da ke gidana," ya ce. "Na gidan Habu ma ya san su."

Shekaru sun wuce, na girma. Makon jiya ambaliya ta cinye ɗakina a Haɗejia. Wuri ɗaya ya rage a kwalekwalen ceto, ga ni ga wata tsohuwa. Har na sa kafaɗa zan ture ta, sai na ja baya na ce, "Shiga, Iya." Ruwa ya kawo mini ƙirji kafin wani kwalekwalen ya iso. Na gode Ubangiji, ban ture ta ba.