Sheƙar da ke Bishiyar Auta

"Na ce ka sare ta!" Maigida ya daka wa mai gyaran lambu tsawa.

"Yallabai, akwai sheƙa a reshen can, har da ƙwai. A bari su ƙyanƙyashe su tashi, sai in sare."

"Tsuntsu ne zai hana ni iko da gidana?"

Tun da 'yarsa Auta ta rasu, Maigida ba ya ƙaunar ganin bishiyar nan. A inuwarta uwar take yi mata kitso, kafin ciwo ya zubar da gashin. Kayanta ma ya rabar kaf, ko ɗankwali bai bari ba.

Ya fizge tsani, ya hau da kansa don ya wurgo sheƙar ƙasa. Ya miƙa hannu, sai ya tsaya cak.

Ƙwan suna kwance a kan lallausan baƙin gashi, an saƙe shi da jan zaren nan da Auta ba ta yarda a yi mata kitso sai da shi.

Ya sauko, ya zauna a gindin bishiyar.

"Lafiya, Yallabai?"

"Kira min uwar Auta," ya ce. "Ka ce ta taho a hankali, kada ta firgita tsuntsuwar."