Azurfar Bube Daga Gwanja

Wuƙar ɗan fashin tana kan maƙogwarona, da rana tsaka a dajin Kebbe. Ya fizge ɗamarata, azurfa ta zube ƙasa.

"Don Allah, ba tawa ba ce," na ce. "Bube ne ya aiko daga Gwanja, guminsa na shekara bakwai. Ya ƙi ba manyan fataken Tambuwal, ni ya zaɓa, don na san fuskar ƙanensa Ɗangiwa."

A hankali mutumin ya janye rawanin da ya rufe masa fuska.

Ɗangiwa ne.

"Saƙo ya iso," ya ce. Bai ɗauke wuƙar ba. "To, in ka koma, mi za ka faɗa ma Bube?"