Gashin Bakin Darmaji

Fankar kwamfutar ta tashi da kuka tun Darmaji bai gama buɗe shago ba. Ya ajiye kofin shayi, ya leƙa cikinta, ya ja tsaki. Magulmaciya ta dawo.

Shi ya raɗa mata sunan. Wata 'yar manhaja ce da ke zuwa maƙale da tsarin da ya ɗora wa kwamfutarsa, tsarin nan na kyauta da kowa ke iya buɗe cikinsa ya gyara. Aikinta ta bi kowace takarda da kowane hoto, ta karance, ta haddace wa ke da alaƙa da wa, wai don nema ya yi sauƙi. Darmaji kuwa bai taɓa neman abu ya rasa ba. Abin da ya sani, da ta fara aiki sai akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin tebur ya ɗau zafi kamar kasko, katin biki guda sai mutum ya yi hamma ya gaji kafin ya buɗe.

Namiji da hankalinsa, da 'ya'yansa, yana kokawa da abin da ba hannu ba ƙafa. To, haka Allah ya yi shi.

Shagon buga katin a gaban gidan surukarsa yake, Mbah Sutinem, wato Kaka Sutinem, nan garin Wonosobo. Tsohuwar ba ta san alif ba, ba ta kuma nemi sani ba. Ita ke share shagon da kanta kullum, ta lulluɓe teburin da tsohon zane har ƙasa saboda ƙura, kuma ba ta son a ɗaga mata shi.

Damina ta kankama, sanyin dutse ya sauko gari. Duk unguwa ana kukan tempe, abincin da ake yi da wake, ya ƙi yi don rashin ɗumi: a naɗe waken suya a ganyen ayaba, a jira, a buɗe a tarar da shi warwatse, yana tsami. Na Mbah kaɗai ke haɗewa, fari sol. Masu rumfunan abinci har layi suke a ƙofarta. In an tambaye ta sirrin, sai ta ce hannu ne, ta ci gaba da aikinta.

Kuncoro, ƙanin matar Darmaji, mai gyaran babur, shi ya kunna wutar rigimar. Ya leƙo ya ji kukan fanka, ya kira shi da Mas, wato Yaya, ya ce, "Mas Dar, jirgin naka yau ma ba zai tashi ba? Ka sayi irin na kowa mana ka huta."

Darmaji ya murza gashin bakinsa, wanda yake kiwo tun kafin aure, yana shafa masa mai safe da yamma. Ya ce in aka sauko daga Juma'a Magulmaciya na nan, Kuncoro ya zo da reza ya aske shi. A gaban mai sayar da miya da mai ɗinki ya faɗa, don haka babu janyewa.

Ya fara da kashe ta a wajen saiti. Da safe ta farka. Ya tumɓuke ta gaba ɗaya, ta tafi da agogo da rabin allon, ya wuni yana faci. Ya kai kuka wajen abokansa masu irin wannan tsarin, wani daga Malang ya koya masa yadda zai haramta mata shigowa da sunanta, ko an sabunta komai. Ranar akwati ya yi sanyi, shago ya yi tsit. Ranar ce kuma Mbah ta wuni tana buga tukwane, har kyanwa ta sha ludayi.

Washegari fanka na kuka.

Ya zargi Kuncoro, ya sauya kalmar sirri, bai gaya wa kowa ba sai matarsa Lastri, saboda halin rayuwa. A taron masu son manhajar kyauta suka haɗu da can, tana raba faifan manhajar, amma tun da ta haihu bai ƙara ganin ta zauna gaban allo ba. Ya zayyana mata damuwarsa, ta ce, "Ni me na sani, Mas? Ci abincinka." Ta tura masa soyayyen tempe mai zafi. Ya cinye faranti biyu yana zagin Magulmaciya, yana yaba hannun surukarsa.

Ran Juma'a ya cire ta, ya duba, ya sake dubawa, ya kulle shago ya tafi masallaci. Tun daga bakin titi ya jiyo kukan fanka da ya dawo. Kuncoro na zaune a benci, ya riga ya kaɗa kumfa.

Aka yi askin a bainar jama'a. Leɓen ya fito fari kamar ɓararren rogo. Mai ɗinki ya ce ashe yaro ne. Ƙaramar 'yarsa ta gan shi ta fashe da kuka.

Ya shige shago, ya sake tumɓuke ta don haushi, ya laɓe bayan tarin takardu kada wani ya shigo ya ga fuskarsa. Yana nan zaune har akwatin ya huce.

Sai ga Mbah. Ba ta gan shi ba. Ta tsaya ta kasa kunne, ta haɗe rai, ta durƙusa ta ɗaga zanen, ta dafa akwatin kamar mai duba zazzaɓin jika. A jikinsa ƙunshin ganyen ayaba ne a jere, hawa-hawa, har bango.

Ta juya wajen ƙofar cikin gida ta ce, "Lastri, mijinki ya sake kashe min murhu. Zo ki mayar da abin nan kafin wakena ya yi tsami."